AGOGON HANNU DA KALMOMINSA A HAUSA: WAIWAYE DAGA GARIN POTISKUM

1.0 Gabatarwa

Duk baƙon abin da ya shigo cikin al'umma yakan zo da sunansa, ko kuwa masu harshe su raɗa masa wani daga abin da suke da shi. Saboda haka, wanda ya bi sawun kalmomi yana iya gano hanyar da abin ya biyo da hannayen da suka miƙo shi. Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin agogo, musamman agogon hannu na maza mai wana kansa, wanda 'yan kasuwa ke kira otomatik, tare da nazarin kalmomin da Hausa ta tanadar masa. An zaɓi Potiskum ta Jihar Yobe don kafa misali, domin gari ne na mahaɗar hanyoyi, inda Bolawa da Ngizimawa da Karekare da Ngamo da Fulani da Barebari ke cuɗanya, kuma Hausa ce harshen cinikinsu. Abin da za a nuna shi ne, Hausa ta wadata da kalmomin faɗin lokaci, amma kalmomin cikin agogo suna bakin masu gyara kawai, kuma sana'ar tasu tana ja da baya.

2.0 Lokaci Kafin Zuwan Agogo

Bahaushe bai jira agogo ba kafin ya rarraba yininsa. Yana da jijjifi da sassafe da hantsi da rana tsaka da yamma da tsakar dare, yana kuma kula da carar zakara da fitowar gamzaki. Zuwan Musulunci ya ɗora wani tsari a kan wannan, watau lokutan salla: asuba, azahar, la'asar, magariba da lisha, har da walaha. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, da inuwa suke auna lokaci. Azahar na shiga idan rana ta gota daga tsakiya, la'asar kuwa sai inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage masa a lokacin zawali. Ladan yakan auna wannan da takun ƙafarsa.

Ta wannan ƙofa kalmomin sa'a da lokaci da zamani da daƙiƙa suka shigo daga Larabci. Abin lura shi ne, wannan tsari na gari ɗaya ne. Azahar ɗin Kukawa tana riga ta Sakkwato shiga, kuma wannan bai dami kowa ba, tun da babu abin da ke tafiya tsakaninsu da ya wuce saurin doki.

3.0 Agogo a Fadar Borno

Tun da Potiskum tana cikin tsohon Lardin Borno, ya kyautu a duba yadda agogo ya bayyana a fadar Shehu. James Richardson, shugaban ayarin da Ingila ta aiko, ya rasu a Ngurutua a watan Maris 1851 kafin ya isa Kukawa. Da abokin tafiyarsa Heinrich Barth ya iso a watan Afrilu, ya tarar agogon mamacin yana hannun Shehu Umar ɗan Al-Kanemi, wanda ya ƙwallafa rai a kansa, har dai Barth ya ga dacewar bar masa shi. A 1870 kuma Gustav Nachtigal ya kawo wa Shehu Umar tsaraba daga Sarki Wilhelm na Ɗaya na Furusiya, cikinta har da karagar mulki da bindigogi da babban agogo mai lilo da agogon aljihu na zinariya.

Waɗannan labarai biyu suna nuna cewa agogo ya fara shigowa wannan yanki a matsayin kayan fada, tsarar alkyabba da takobi. Mai shi ba ya bukatarsa don sanin lokacin salla, domin yana da ladan. Darajarsa tana ga ƙarancinsa da abin mamakin da ke motsi a cikinsa. Wannan matsayi na ado bai taɓa rabuwa da agogo ba har yau.

4.0 Ƙarfen Bariki

Mulkin mallaka ne ya mai da agogo kayan aiki. Kalmomi biyu sun isa shaida. Ta farko ita ce agogo kanta, wadda aka aro daga Yarabanci, inda take nufin ƙararrawa, aka kuma faɗaɗa ta zuwa na'urar auna lokaci. Wannan ya yi daidai da tarihi, domin akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan tireda daga Kudu sun biyo dogo, wanda ya iso Kano a 1911. Ta biyu ita ce ƙarfe. A bariki da makaranta da ofis akan rataye guntun ƙarfe a buga shi gwargwadon adadin sa'o'i, sai mutane suka riƙa cewa an buga ƙarfe biyu. Bugun ya ɓace a yawancin wurare, kalmar ta zauna. Daga Ingilishi kuma aka sami awa da minti da sakan da kwata.

A 1919 aka ɗora Nijeriya baki ɗaya a kan lokaci guda, awa ɗaya gaba da na Girinwic, watau lokacin layi na 15 gabas. Potiskum tana wajen layi na 11, kuma kowane layi minti 4 ne, don haka a matsakaicin lissafi rana takan tsaya tsaka a garin da misalin ƙarfe 12 da minti 16, a Sakkwato kuwa sai wajen 12 da minti 39. Dalilin da ya sa ke nan jadawalin salla ko na buɗa baki na wani gari ba ya yi wa wani aiki, ko da agogunansu sun dace.

A 1924 Turawa suka mai da mazaunin Sarkin Fika daga Fika zuwa Potiskum, garin ya zama hedikwatar yanki mai ofisoshin En'e da kotu da makaranta, waɗanda duk da ƙarfe suke buɗewa. Dogo bai biyo ta garin ba: reshe ɗaya ya tsaya a Nguru, wanda ya isa Maiduguri a 1964 kuma ta Gombe ya bi. Mota ce ta raya Potiskum, domin a nan hanyoyin Kano da Maiduguri da Bauci da Gombe da Gashuwa suka haɗu. Direba da dillalin shanu da maniyyacin da ya nufi Gabas ta ƙasa, su ne suka yaɗa agogo fiye da akawu.

5.0 Agogo Mai Wana Kansa

Ɗaura agogo a hannu ya yaɗu tsakanin maza a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914 zuwa 1918), saboda soja ba shi da sukunin laluben aljihu. Irin wannan agogo sai an yi masa wani kullum, in an manta ya tsaya. Wani Baturen Ingila mai gyaran agogo, John Harwood, ya yi rajistar dabarar agogon hannu mai wana kansa a 1923. A 1931 kamfanin Rolex, wanda Hans Wilsdorf ya assasa a Landan a 1905 kafin ya koma Janiba, ya fito da nasa tsarin mai suna Perpetual, wanda kusan duk masu ƙira suka bi daga baya.

Yadda yake aiki shi ne: a bayan injin akwai wani ƙarfe mai nauyi, siffar rabin faifai, wanda ke juyawa duk lokacin da mai agogo ya motsa hannu. Juyawar tana naɗe babban sifirin, shi kuma yana warwarewa sannu a hankali yana tura jerin ƙafafu masu haƙora. Wani zobe mai kai da komowa, tare da siririn sifirin kamar gashi, shi ke ƙayyade saurin. Yawancin irin waɗannan agoguna suna bugawa sau 21,600 ko 28,800 a awa, watau sau 6 ko 8 a sakan, shi ya sa hannun sakan nasu yake tafiya kamar yana sulalewa. Lambar 17 ko 21 ko 25 da akan rubuta a fuska adadin ƙananan duwatsu ne na yaƙutun haɗi da aka dasa a wuraren gogayya don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Ba su da tsada a kan kansu, ko da yake masu talla sukan kambama su. Idan aka ajiye agogon, yakan yi kimanin awa 40 kafin ya tsaya. Zafin bazara yana busar da mansa, ƙurar hunturu tana shiga ta kan wani, don haka yana bukatar wanki da sabon mai bayan 'yan shekaru.

6.0 Daga Tsarabar Hajji Zuwa Wayar Hannu

Shekarun 1970 ne agogon otomatik ya yi tashe a Arewa. Kuɗin man fetur sun shigo, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya cika aljihun ma'aikata, jiragen sama kuma sun sauƙaƙa aikin hajji. Agogo ya shiga jerin tsarabar alhaji daga kasuwannin Makka da Jidda. Attajiri yakan nemi Rolex ko Omega ko Rado, wanda samfurinsa DiaStar na 1962 ya shahara da rashin karcewa. Malamin makaranta da direba kuwa sukan tsaya ga Seiko 5, wanda Japan ta fito da shi a 1963, ko Citizen ko Orient. Addini ma ya sa baki cikin zaɓi: tun da shari'a ta hana maza ado da zinariya, mai kiyayewa yakan zaɓi na farin ƙarfe.

A daidai wannan lokaci ne abin da zai karya kasuwar ya bayyana. Ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko ya fara sayar da Astron, agogon hannu mai batir da ɗan dutsen kwaz. Agogunan kwaz na yau suna girgiza sau 32,768 a sakan, kuskurensu bai cika wuce sakan 15 a wata ba, alhali otomatik mai shaidar inganci ta Suwizalan an yarje masa latti na sakan 4 ko gudu na sakan 6 a yini. Ma'aikatan agogo a Suwizalan sun ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa kusan sulusin haka a tsakiyar shekarun 1980. A gida kuma, faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa agogon Turai ya gagari ma'aikaci, Casio mai lambobi ya maye gurbinsa. Da wayar hannu ta zo a 2001, sai kowa ya sami lokaci a aljihunsa. Otomatik ya koma inda agogon Shehu Umar ya faro, watau alamar matsayi, jabunsa kuma ya cika kasuwa.

7.0 Kalmomin Agogo

Ana iya kasa kalmomin gida uku. Kashi na farko Hausa ce aka faɗaɗa ma'anarta, mafi yawa daga sassan jiki: fuska, hannu, baya, haƙora, da maɗauri ko sarƙa. Haka nan akan ce agogo yana gudu, ko ya mutu, ko ya tashi, kamar mai rai, har ana yi wa mutum mai himma kirari da agogo sarkin aiki. Kashi na biyu aro ne daga Ingilishi: wani, inji, gilashi, batir, sifirin, latti, otomatik. Kashi na uku shi ne sassan ciki da ba su da tsayayyen suna a rubuce. A nan ana ba da shawarar a kira ƙarfen da ke naɗe sifirin faifan wani, zoben da ke ƙayyade sauri zoben lilo, ɗan maɓallin gefe kuma kan wani.

Akwai kuma matsalar daƙiƙa. A Larabci minti take nufi, amma a Hausar rediyo da jarida sau da yawa sakan ake nufi da ita, wasu kuma suna bin ma'anar Larabcin. Bambancin ninki 60 ne, wanda ba ƙaramin abu ba ne a littafin kimiyya ko umurnin likita. Ya fi dacewa a tsaya ga minti da sakan a rubutun koyarwa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda agogo ya shigo a matsayin kayan fada, ya zama kayan aiki a zamanin En'e, sannan ya koma kayan ado, da kuma yadda Larabci da Yarabanci da Ingilishi kowanne ya bar sawunsa a kalmomin lokaci. Abin da ya rage shi ne aikin tattarawa. Masu gyaran agogo da ke zaune da akwatin gilashi a bakin tasha da kasuwa, waɗanda suka koyi kwance inji ɗaiɗai, suna tsufa, na bayansu kuwa canjin batir da gyaran waya suka fi sani. Potiskum ba baƙuwar irin wannan aiki ba ce, domin a wannan yanki Russell Schuh ya tattara ƙamusun Ngizim da aka buga a 1981. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin su tura ɗalibai su zauna da waɗannan dattawa, su rubuta sunan da suke kiran kowane sashe da shi, kafin a bukaci ƙirƙiro abin da da ma akwai shi.