Hikayoyin gumaka a gidan Kirista: tarihin wata tsohuwar gardama

A ƙasar Amurka, tun daga shekarun 1980, iyalan Kirista da yawa sun janye ƴaƴansu daga makarantun gwamnati suna karantar da su a gida, kuma zuwa 1993 dukkan jihohin ƙasar sun halatta wannan tsari. Cikin abubuwan da suke jayayya a kai har da hikayoyin gumakan Girkawa da Rumawa, abin da Faransawa ke kira mythologie. Shin ya dace yaron da ake son ya tashi da tsoron Ubangiji guda ya ji labarin Ziyus da matansa? In ya dace, a wane shekaru? Gardamar ta girmi Amurka nesa ba kusa ba, domin ta haura shekara 1800.

Wajen shekara ta 200, a birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yanzu, wani marubuci Kirista mai suna Tartuliyan ya fuskanci wannan tambaya. A daular Rum duk mai neman ilimi sai ya bi ta kan waƙoƙin Homer da Birjil, waɗanda ke cike da gumaka, kuma da su ake koyon nahawu da iya magana. Tartuliyan mutum ne mai tsanani, amma hukuncinsa ya rabu biyu: ya hana Kirista zama malamin irin wannan makaranta, saboda malami yana tabbatar da abin da yake koyarwa, ya kuma yarda yaro ya je ya koya, tun da babu wata hanyar.

Wanda ya fara hani da ƙarfin doka ba malamin coci ba ne. Sarki Yuliyan ne, wanda ya tashi cikin Kiristanci sannan ya koma ga bautar gumaka. Cikin 362 ya yi dokar da ta kai ga hana Kiristoci koyar da tsoffin littattafai, yana cewa bai dace mutum ya ci abinci da Homer alhali yana ƙaryata gumakansa ba. Su je majami'a su yi bayanin Matta da Luka. Yuliyan ya san inda ya nufa: wanda aka raba da wannan adabi an raba shi da fasahar magana, da alƙalanci, da muƙaman mulki. Kiristoci sun ɗauki dokar a matsayin zalunci. Wasu malamai biyu a Lawudikiya ta ƙasar Sham, uba da ɗa, dukansu masu suna Apolinaris, suka shiga mayar da labaran Littafi Mai Tsarki cikin ma'aunin waƙar Girkawa domin yara su samu abin karatu. Da Yuliyan ya mutu a yaƙin Farisa cikin 363, dokar ta bi shi, aka ajiye aikin nasu, aka koma ga Homer.

Amsar da ta fi daɗewa ta fito daga Basil, bishop na Kaisariya a Kapadokiya, wanda ya yi karatu a Atina. Ya rubuta wa samari wata gajeriyar nasiha inda ya ce su yi koyi da zuma, wadda ke ɗaukar abin amfani daga fure ta bar saura. Su riƙe misalan haƙuri da jaruntaka, su toshe kunne inda ake ba da labarin zinar gumaka da faɗace-faɗacensu. Game da lokaci, ra'ayinsa zai ba iyayen yau mamaki. A wurinsa adabin arna shi ke zuwa da fari, domin hankalin matashi bai isa zurfin Nassi ba tukuna. Ya yi misali da marina, waɗanda sukan shirya ƙyalle kafin su tsoma shi cikin rini domin launi ya kama.

Ba kowa ya natsu da haka ba. Agustin, wanda aka haifa cikin 354 a Tagast, wato Suk Ahras ta Aljeriya, ya yi nadamar hawayen da ya zubar yana yaro saboda mutuwar sarauniya Didon cikin waƙar Birjil, alhali bai yi kukan halin da ransa ke ciki ba. Duk da haka shi ne ya kwatanta ilimin arna da zinariyar da Bani Isra'ila suka fita da ita daga Masar: dukiya ce da ya halatta a ɗauka a yi aikin gaskiya da ita.

A Faransa an bi wannan tafarki ƙarni bayan ƙarni. Makarantun Jezuwit, bisa tsarin karatunsu na 1599, sun koyar da mawaƙan Rum bayan an tsame wuraren batsa. Fenelon, malamin coci da aka ɗora wa tarbiyyar jikan sarki Luwi na 14 a cikin fada, ya rubuta wa ɗalibinsa littafin Télémaque, wanda ya fito cikin 1699, inda gunkiya Minerba ke koya wa ɗan sarki adalci. Rikici ya sake tashi cikin 1851, sa'ad da wani fada mai suna Gaume ya wallafa littafin da ya kira wannan adabi tsutsar da ke cin al'umma ta ciki. Bishop Dupanloup na Orleans ya ja da shi, har Paparoma Piyus na 9 ya raba gardama cikin 1853: a koyar da marubutan Kirista, a haɗa da na arna da aka tsabtace.

Iyayen Amurka sun gaji ɓangarorin biyu. Littafin The Well-Trained Mind na 1999, wanda ya yi tasiri ƙwarai a tsakaninsu, ya sa tarihin mutanen dauri da hikayoyinsu tun ajin farko, wajen shekara 6. Wasu kuma suna jinkirtawa har sai yaro ya san addininsa, ya iya rarrabe abin da ake gaskatawa da abin da ake ji don darasi.

Abin da tarihi ya nuna shi ne, hani ɗungurungum bai taɓa ɗorewa ba, domin wanda bai san waɗannan hikayoyi ba ƙofar adabin Turai a rufe take gare shi. Ɗalibin lise da aka miƙa wa Phèdre ta Racine shaida ne. Abin da ya ɗore shi ne sharaɗin Basil: a zaɓa, kuma babba ya zauna kusa. Kakanninmu ma ba su bar yaro shi kaɗai da Gizo ba. Mai tatsuniya kan buɗe da gatanan gatananku, ta rufe da ƙurunƙus, domin yaro ya san inda labari ya fara da inda ya ƙare.