Tsakanin Masaba da Walda: Adon Ƙarfe a Turai, 1893 zuwa 1925

Masana tarihin gine-gine sun saba kasa adon ƙarfe na farkon ƙarni na 20 gida biyu: salon Art Nouveau mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar yaɗon kabewa, da salon Art Deco da ya gaje shi, mai miƙaƙƙun layuka da kusurwoyi. Galibi akan danganta wannan canji da sauyawar sha'awar jama'a. Wannan maƙala kuwa tana ganin kayan aikin maƙeri suna da nasu hannun a ciki.

Da farko ya kamata a bambanta ƙira da zubi. Ƙira ita ce a gasa ƙarfe ya yi jajur, a ɗora shi bisa uwar maƙera, a yi ta dukansa da masaba har ya ɗauki siffar da ake so, wato aikin maƙeran baƙi. Zubi kuwa narkar da ƙarfen ake yi, a kwarara shi cikin gurbin da aka fitar a yashi, ta yadda siffa guda za ta iya haifar ɗaruruwa.

A shekarar 1893 Victor Horta ya fara ginin gidan Tassel a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, inda ya bar ƙarfe a sarari, makaran matakala suna murɗewa tamkar tsiro. Irin wannan aiki na hannu tsada gare shi, sai mai hali. Da Hector Guimard ya tsara ƙofofin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Faris a 1900, zubi ya koma wa, domin ƙofofin suna da yawa. Abin lura shi ne, aikin da ya fi shahara a wannan salo mai kama da ƙirar hannu bai taɓa ganin masaba ba.

Edgar Brandt (1880-1960) ne ya nuna wata hanyar. Maƙeri ne na gaske, amma bai ƙyamaci inji ba: ya shigo da gudumar inji da waldar iskar gas cikin maƙerarsa. A da, haɗa ƙarfe biyu sai an kai su wuta tare, ko a ɗaure su da ƙusa ko zobe, kuma wannan yakan taƙaita abin da maƙeri zai iya zanawa. Walda ta ba shi damar jera ƙananan siffofi masu maimaituwa, ya kuma haɗa baƙin ƙarfe da tagulla a fuska guda. Shi ya ƙera ƙarafan babbar ƙofar baje kolin Faris na 1925, wanda daga sunansa aka yanko Art Deco, ko da yake laƙabin bai bazu ba sai a shekarun 1960. Brandt ɗin nan dai shi ne ya ƙera igwar da ke ɗauke da sunansa, wadda rundunonin ƙasashe da dama suka yi amfani da irinta a Yaƙin Duniya na Biyu.