Binciken Asalin Iyali Ta Hanyar Wasiyya da Takardun Rabon Gado na Zamanin En'e

A yawancin gidajen ƙasar Hausa mutum yana iya lissafa sunan mahaifinsa da na kakansa da na baban kakansa, daga nan sai labari ya fara rarrabuwa. Wannan ya ce tsohon daga Borno ya zo, wancan ya ce daga Gobir. Wata tsohuwa ta ce 'ya'yansa tara, wani dattijo ya ce bakwai ne. Muddin ana zaman lafiya, wannan saɓani abin hira ne kawai. Amma ranar da aka tashi raba tsohuwar gona, ko aka zo naɗin dagaci, ko wani baƙo ya bayyana yana cewa shi jinin gidan ne, sai a shiga neman abin da ya fi hira ƙarfi. An shirya wannan bayani ne domin mutanen karkara da dagatai da masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi, waɗanda irin wannan tambaya ta fi yawan zuwa gabansu. Ya taƙaita a kan kakannin da suka rasu a zamanin mulkin Turawa, wato daga cin Kano da Sakkwato a shekarar 1903 zuwa samun 'yancin kai a 1960.

Wasiyya daban, rabon gado daban

A Ingila da ƙasashen da suka bi tsarinta, mutum yakan rubuta wasiyya ya ambaci matarsa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa zai ɗauki mene. Wanda ya zo da wannan tunani wajen binciken kakansa Musulmi zai sha wahala a banza. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar nan suke hukunci da ita daga littattafai irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, ba mamaci ne yake raba gadonsa ba. Shari'a ta riga ta yanka wa kowane magaji rabonsa. Abin da aka bar wa mutum shi ne sulusin dukiyarsa, kuma ko a cikin sulusin ba ya yi wa magaji wasiyya, sai in sauran magada sun amince bayan rasuwarsa. Tsarin kuwa shi ne a fara fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya, abin da ya rage a raba wa magada.

Daga wannan ƙa'ida ne amfanin takardun biyu ya fito. Takardar rabon gado tana kawo sunayen waɗanda shari'a ta ba rabo: mata, 'ya'ya, iyaye, wani lokaci 'yan'uwa. Wasiyya kuwa tana kawo sunayen waɗanda ba su da rabo amma suna da matsayi a zuciyar mamacin: jikan da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa, agola, ɗan riƙo, bara, almajiri, ƙwarƙwara, bawan da aka yi wa alkawarin 'yanci. A cikinta ne kuma ake samun sunan wasiyyin da aka damƙa wa marayu, da masu bin bashi, da waɗanda suka ba da ajiya. Sai an haɗa biyun sannan ake ganin gidan kamar yadda yake a ranar rasuwar.

Ya kamata a sani cewa yawancin wasiyyoyin wancan zamani da baki aka yi su, a gaban shaidu, mutum yana kwance. Ba a cika samun su a takarda mai zaman kanta ba sai a gidajen malamai da fatake da sarakuna. Inda suka fi bayyana shi ne a littafin alƙali, lokacin da shaidu suka zo suka faɗi abin da suka ji daga bakin mamacin, musamman idan wani magaji ya musa.

Dalilin da ya sa aka rubuta

Rubuta hukunci ba Turawa ne suka kawo shi ba, amma su ne suka mayar da ajiye littafin kotu dole. Bayan dokar kotunan gargajiya ta 1906, da kafa Baitulmali wanda aka fara a Katsina a 1907 ya bazu zuwa sauran masarautu, alƙalai sun koma cin albashi, kuɗin da kotu ta karɓa kuma ya koma shiga baitulmalin En'e. Daga cikin kuɗin akwai ushira, kashi ɗaya cikin goma da ake cirewa idan alƙali ne ya raba gado. Tunda Di'o yana zagayawa yana duba littattafai yana gwada su da rasit, ya zama tilas muhuti ko magatakarda ya rubuta sunan mamaci da garinsa da kayan da ya bari da ƙimarsu da sunayen magada. Hukumar kuɗinta take bi, ba tarihin kowa ba, amma jikoki ne suka ci ribar rubutun.

Ushirar nan kuma ita ce ta sa gidaje da yawa ba su je kotu ba. Sun kira malamin unguwa ya raba musu a zaure, ko kuma sun bar gona a matsayin gandu a hannun babban wa, shekara da shekaru ba a taɓa ta ba. Saboda haka rashin samun sunan mutum a littafin alƙali ba hujja ba ce a kan cewa bai rayu a garin ba, ko bai bar komai ba. Haka nan ƙimar da aka rubuta takan gaza ainihin dukiyar, domin ba kowa ne yake fito da duk abin da ke cikin ɗaki ba a gaban mai ƙirga ushira.

Maganar gona da gida tana da nata tsarin. Dokar filaye ta 1910 ta sanya ƙasar Arewa duka a ƙarƙashin ikon Gwamna, kuma a Kano rigingimun filaye majalisar shari'ar Sarki ce take sauraron su. Wani ɓangare na littafin wannan majalisa na zamanin Sarkin Kano Abbas, na shekarun 1913 da 1914, masanin tarihi Allan Christelow ya fassara shi daga Larabci zuwa Turanci ya buga a 1994. Mai son ganin yadda ake rubuta irin waɗannan shari'u kafin ya tunkari na gidansu zai ƙaru da shi.

Yadda lissafi yake ba da shaida

Rabon gado lissafi ne, kuma lissafin yakan faɗi abin da gara ta cinye. A ɗauki misalin mutumin da ya rasu ya bar fam 24 bayan an fitar da bashi da wasiyya da ushira. Idan aka ga an ba mace fam 3, wato tumuni, an san mata ɗaya ya bari kuma yana da ɗa ko jika ta wajen ɗa namiji. Idan aka ga fam 1 da sule 10, to mata biyu ne suka raba tumunin, ko da sunan ta biyun ya goge. Ragowar fam 21, idan an ba wata 'ya fam 3 an ba wani ɗa fam 6, kashi bakwai aka yi. Mai bincike ya san yana neman maza uku da mace ɗaya, ko maza biyu da mata uku, ko namiji ɗaya da mata biyar. Da wannan sai ya koma wa tsofaffin gida da tambaya takamaimai, maimakon ya ce su ba shi labari.

Idan kuwa aka ga matar ta karɓi rubu'i, ma'anarsa mamacin bai bar ɗa ko jikan ɗa namiji ba. Wannan wuri ne mai nauyi. Gidan da suka tashi suna cewa wane ne kakansu na jini suna iya tarar da cewa kakan nasu ɗan ɗan'uwansa ne da ya riƙa, ko jikansa ta wajen 'ya mace. A al'adarmu duk ɗa ne, kuma ba ƙarya tsofaffi suka yi ba da suka kira shi haka, amma a gado hukuncinsu daban.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ne kuskuren da aka fi yi a ofisoshi. Jikan da mahaifinsa ya rasu kafin kakan ba ya cin gado idan akwai baffanninsa a raye. Sunansa ba zai fito a cikin magada ba, alhali jini ne na gidan ba tare da wani kokwanto ba. Bai kamata dagaci ko jami'in ƙaramar hukuma ya ce wa zuriyarsa baƙi ne don kawai ba su cikin takardar rabo ba. A nemi wasiyyar. Sau da yawa irin wannan jika ne kaka yake yi wa wasiyya da ɗan wani abu daga sulusi. Ɗan ƙwarƙwara kuwa rabonsa daidai yake da na ɗan matar aure, sai dai mahaifiyarsa ba ta cikin masu tumuni, don haka za a ga sunan ɗan ba a ga nata ba.

Akwai kuma rabon da ake ajiyewa domin magajin da ya yi nisa. Mutane da yawa sun tafi Makka a ƙasa sun zauna a Sudan, wasu kuma sun bi hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Layi ɗaya a littafin alƙali da ke cewa an ajiye rabon wane saboda yana gabas yana iya zama shaidar da ta rage ta wani reshe guda na iyali.

Suna da shekara

Littattafan farko da Larabci aka rubuta su, da hannun magaribi irin na allo, wasu da ajami, boko ya shigo daga baya. Magatakarda yakan mayar da suna zuwa asalinsa: Garba ya zama Abubakar, Mamman ya zama Muhammadu, Audu ya zama Abdullahi, Shehu ya zama Usmanu, Binta ta zama Faɗimatu, Indo ta zama A'ishatu. A gida kuwa, saboda alkunya, wataƙila ba wanda ya taɓa jin sunan yankan. Tanko ko Ɗanladi ko Maigoro aka san shi da shi. A tattara duk sunayen mutum da laƙabinsa da sana'arsa da unguwarsa kafin a fita. Muhammadu ɗan Abdullahi a gunduma ɗaya ba su ƙirguwa, kuma wanda ya kama na farkon da ya gani yana iya ɗaukar kakan wasu ya kai gida.

Shekarar da ke jikin takarda sau da yawa ta Hijira ce. Hanya mai sauƙi ita ce a raba ta da 33, a cire abin da aka samu daga cikinta, a ƙara 622. Ta haka 1350 za ta ba da 1931. Tsofaffi kuma da abin da ya faru suke ƙirga shekara: yunwar Kakalaba ta 1914, annobar mura ta 1918, husufin rana na 1947, ko zamanin sarki. A Kano, Abbas ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953. A Katsina, Dikko daga 1906 zuwa 1944. Wanda aka ce ya rasu a farkon sarautar Bayero, an rage wa mai bincike littattafan da zai buɗe.

Inda za a nema

A fara da gida. Gafakar tsohon malami, da bangon Alƙur'ani inda ake rubuta haihuwa da rasuwa, da adakar da ba a buɗewa, da tsofaffin rasit na haraji da jangali. Daga nan sai kotun yankin. Kotunan En'e sun koma hannun gwamnatocin jihohi a 1968 a matsayin kotunan yanki, a Kano kuma suka zama kotunan shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Magatakardan kotun da ta gaji tsohuwar kotun alƙalin gunduma shi ne na farkon tambaya, sai ofishin hakimi da na majalisar masarauta.

Manyan wuraren ajiya su ne Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House a tsohon gidan Sardauna wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A Kaduna an jera takardu ne bisa tsofaffin larduna, da alamu irin su KANOPROF da SOKPROF da ZARPROF, don haka sunan jiha ko ƙaramar hukuma ta yau ba zai yi amfani ba. Mutumin Jigawa a lardin Kano zai nema, na Zamfara da Kebbi a lardin Sakkwato. Na Katsina sai ya duba wuri uku: tana cikin lardin Kano har 1926, ta koma na Zariya, sannan ta zama lardi mai zaman kanta a 1934. Rahotannin ƙiyasin haraji da Turawa suka rubuta gunduma-gunduma ba su cika ambaton talaka da suna ba, amma suna kawo jerin dagatai da asalin ƙauyuka da sana'o'insu. Kiristoci da mazauna Sabon Gari da suka yi wasiyya irin ta Turawa, a sashen kula da wasiyya na Babbar Kotu ake neman tasu.

Abin lura ga jami'ai

Takardun nan sukan tono abin da gida ya binne. Dokar 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga ranar 1 ga Afrilu ta shekarar ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya ba sai a 1936, don haka kalmomin bawa da kuyanga da fansa da murgu suna nan a littattafan alƙalai tare da sunayen mutanen da jikokinsu suke zaune a garin yau. Jami'in da ya ci karo da irin wannan ya ba mai haƙƙi abin da ya shafe shi kawai, kada ya mayar da shi abin karantawa a dandali.

Kwafin da aka samo kuma ba hukunci ba ne. Tsohuwar takardar rabo ba ta nuna abin da ya faru da gona bayanta, na sayarwa ko kyauta ko jingina ko aro. Idan magana ta kai ga mallaka, a nemi kwafin da wurin ajiyar ya buga wa hatimi a kai wa alƙali. Ainihin takardar gida kuwa kada a ba da ita aro, kada a liƙe ta da salatif ko a rufe ta da roba mai zafi, domin tawadar gargajiya ba ta jure wa hakan. A ɗauki hotonta gaba da baya, a sa ta tsakanin farar takarda biyu, a ajiye nesa da laima da gara, a kuma ba kowane ɗaki na gidan kwafi ɗaya tare da sunan malamin da ya karanta Larabcin da ranar da ya karanta.