Ciwon da ke bin wata

Kakata ungozoma ce a Vittin, tun unguwar tana ƙauyen Dagomba a gefen Tamale. Kayan aikinta hannu ne da tambaya. Mace ta zo da ciwon mara, sai ta ce, "Yarinya, yana bin wata ne?" In an amsa da i, sai jiƙo da haƙuri da alkawarin zai wuce bayan haihuwar fari. Wadda kuwa cibiyarta ke tsattsafo jini lokacin al'ada, wannan jifa ne, wurin malam ake kai ta.

Asibitin Tamale da aka buɗe a 1974, zamanin mulkin Acheampong, ya zo da hoton ƙirji, amma bai zo wa waɗannan matan da amsa ba. Littattafan likitanci na lokacin sun gaji wani ra'ayi daga Amurka, wai endometiriyosis, wato tsirar nama irin na cikin mahaifa a wajen mahaifa, ciwon Turawa ne masu hali da ke jinkirta haihuwa. Baƙar mace in ta koka, ciwon sanyi ne. Sai a 1976 Donald Chatman na Chicago ya nuna ba haka ba ne. Wannan zalunci yana ci mini rai har yau.

Alhali an daɗe da sanin naman nan yana yawo. Wani likita mai suna Villar ya bayyana na cibiya tun 1886. Naman yana zama a tabon tiyatar haihuwa, a hanji, a mafitsara, har a shimfiɗar da ta raba ƙirji da ciki, galibi ɓangaren dama. In ya kai ƙirji, sai huhu ya sace duk wata, ko mace ta yi tarin jini, a ɗora ta kan maganin tarin fuka wata shida a banza.

Na'urar sikanin, wadda Ian Donald na Glasgow ya wallafa sakamakon gwajinta a 1958, yanzu ta cika Tamale, amma yawanci jariri ake dubawa da ita. In aka aza ta kan kumburin tabo tana nuna ƙullin. MRI ya fi ta, don tsohon jini haske yake yi a hotonsa, sai dai tsada, kuma ƙananan ɗigo kan ɓuya sai an leƙa ciki da kyamara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa na fama da endometiriyosis. Mai sikanin ba zai duba cibiya ko ƙirji ba sai an rubuta masa, likita kuma ba zai rubuta ba sai ya tambayi ranakun da ciwon ke tashi. Ina roƙon 'yan'uwana mata su riƙa rubuta ranakun nan su tafi da su asibiti.