Gadon Pokkali: Yadda Aka Gano Sirrin Shinkafa Mai Jure Gishiri

A gaɓar tekun jihar Kerala, kudu maso yammacin Indiya, akwai fadamun da ruwan teku ke shiga yana fita. Tun kaka da kakanni manoman wurin ke shuka wata doguwar shinkafa mai suna Pokkali da damina, sa'ad da ruwan sama ya rage ƙarfin gishirin. Bayan girbi sai su mayar da fadamar wurin kiwon jatan lande. Pokkali ba ta ba da amfani mai yawa, amma tana rayuwa inda sauran iri ke ƙonewa.

Shinkafa na daga cikin hatsin da gishiri ya fi yi wa illa. Sinadarin sodiyam kan bi ruwa daga saiwa zuwa ganye, ya danne fotasiyam da ganyen ke buƙata, har shukar ta bushe. To, me ya kare Pokkali?

Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, wadda aka kafa a Filifin a 1960, ita ta bi sawun amsar. Masananta sun haɗa Pokkali da IR29, irin da ba ya jure gishiri, suka bibiyi zuriyar da aka samu. A 1997 Glenn Gregorio ya nuna cewa kaso mai tsoka na juriyar yana wani yanki na kuromosom na ɗaya cikin 12 da shinkafa ke da su. Yankin ne aka raɗa wa suna Saltol.

A 2005 masu bincike a Shanghai suka ware ƙwayar gado guda, SKC1, a wannan yanki, daga Nona Bokra, wata tsohuwar shinkafar Indiya. Aikinta shi ne janye sodiyam daga jijiyoyin ruwan shukar kafin ya kai ganye. Da alamomin gado, masu inganta iri suka riƙa shigar da Saltol cikin shinkafa mai yawan amfani.

Sai dai Saltol ya fi tasiri ne yayin da shuka ke ƙarama. Juriyar lokacin fure, wadda girbi ya dogara a kanta, ta rataya ne a kan wasu ƙwayoyin gado da dama da ake kan nema. Ana kuwa neman su ne cikin tsofaffin irin manoma, alhali gonakin Pokkali na ta raguwa a Kerala. Duk irin da aka daina shukawa ba a adana shi ba, ya tafi ke nan da abin da ke cikinsa.