Sabulu da Daddawa: Yadda Kayan Kanti Suka Shigo Ƙasar Kabi

Duk wanda ya san Gwadangaji, wannan gari da ke gefen Birnin Kebbi wanda a yau aka fi saninsa da sakatariyar gwamnati, ya san cewa tun kafin a kafa Jihar Kebbi a shekarar 1991, kai tun kafin Nasara su sa ƙafa a wannan ƙasa, mutanen kwarin Gulbin Kabi ba su zauna jiran wani ya kawo musu abin wanki ko abin miya daga bayan teku ba. Fadama tana ba su shinkafa, gulbi yana ba su kifi, gishiri yana zuwa daga Foga, goro kuwa fatake ne ke biyo da shi ta kasuwar Jega daga Gwanja. Amma sabulu da daddawa, waɗanda gida ba ya kwana bai nemi ɗayansu ba, sana'ar mata ce a cikin gidajensu.

Mace takan ƙona kara ta tace ruwan tokarsa, ta dafa shi da man kaɗe ko kitse har ya kama, ta mulmula sabulun salo. Wata kuma ta sayi kalwa bayan an sauke ɗorawa, ta kwana tana dafa ta, ta sussuke, ta wanke, ta rufe ta kwanaki har ta ruɓa yadda ake so, sannan ta daka ta shanya. Abin da ta samu nata ne halak malak, domin shari'a ba ta ba miji iko a kan dukiyar matarsa ba, kuma da shi take zubin adashi, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Ba na ɓoye cewa wannan ciniki a kan tallar 'yan mata ya dogara, kuma tallar ta hana da yawa daga cikinsu zama gaban malami. Amma duk da wannan aibi, taro da sisin da ke cikinsa a unguwa suke kewayawa.

Wanda ya fara karkatar da wannan al'amari wani Bature ne mai suna William Lever, wanda bai yi mulki a ƙasar nan ba, bai riƙe bindiga ba, sabulu kawai yake yi a kusa da birnin Libaful na Ingila, mai suna Sunlight. Da buƙatarsa ta man ja da ƙwarar kwakwa ta ƙaru, sai ya nemi hukumar mulkin mallaka ta yanka masa manyan gonaki a Afirka ta Yamma, aka hana shi, ya tafi Kwango a 1911. Da ya ga ba zai mallaki ƙasa a Afirka ta Yamma ba, sai ya mallaki hanyar ciniki: a 1920 ya sayi Kamfanin Neja, wato magajin kamfanin nan da ya riƙe bakin Kwara da izinin Sarauniyar Ingila daga 1886 zuwa ƙarshen 1899. A 1929 aka haɗa Kamfanin Neja da wani babban abokin hamayyarsa aka sami kamfanin UAC, kuma a daidai wannan lokaci kamfanin Lever ya haɗe da masu yin bota na Holan, aka haifi Unilever.

Hikimar wannan tsari, in har za a kira ta hikima, ita ce kanti ɗaya ne ke saye kuma shi ne ke sayarwa. Bayan 1903 hukumar mulkin mallaka ta kashe wuri, ta wajabta biyan haraji da jangali da kuɗin Bature, saboda haka dole talaka ya kai wani abu sikeli, ko gyaɗa, ko auduga, ko fatar jar akuyar Sakkwato wadda Turai ke rububinta. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, dillalai da 'yan baranda suka bazu ƙauyuka da kuɗin kamfani, har irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka yi arziki a wannan hanya. Abin da ya rage wa manomi bayan ya sallami mai unguwa, sai ya mayar da shi kantin ya karɓi akoko da kananzir da sandar sabulu, wadda mai yiwuwa ne da man da aka saya a ƙasarsa aka yi ta. Da farashi ya faɗi a duniya a shekarun 1930, manomi ne ya ji a jikinsa, domin sikeli ya rage abin da yake biya, haraji kuwa sai an biya shi.

Wajibi ne a yi adalci a nan. Kamfani bai koya wa Musulmi tsafta ba, domin babin tsarki shi ne farkon abin da almajiri ke karantawa a littattafan fiƙihu. Ya dai tarar da mutanen da addininsu ya riga ya sa musu son wanka da farin tufafi, ya kawo musu abin da ya fi kumfa da ƙamshi, suka karɓa da son ransu. Kuma sabulu mai araha ya tsare rayukan yara daga gudawa da ƙazuwa, wannan ba abin musu ba ne.

An sami 'yancin kai, aka yi dokokin mayar da hannun jari ga 'yan ƙasa a 1972 da 1977, daga baya Unilever ya sayar da rabonsa na UAC a 1994, ya tsaya ga kayan masarufi. Amma tun daga tsuke bakin aljihu na 1986, da Naira ta fara zubewa, dabarar ta koma wata siffa: tun da talaka ba ya iya sayen kwali, sai a ƙulla masa a 'yar leda, Omo na wanki ɗaya, dunƙulen Knorr ko Royco ko Maggi na kamfanin Nestlé na tukunya ɗaya, a rataye su a teburin mai tireda kamar jerin tasbaha. Mai ƙaramin ƙarfi yana ganin an sauƙaƙa masa, alhali idan aka auna, shi ne ke biyan tsada fiye da mawadacin da ya sayi babba. Malaman Gwandu, tun daga Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, sun ɗauki kula da mudu da sikeli a matsayin aikin hisba da ke wuyan hukuma, kuma a ganina ledar da ake rage mata nauyi a bar kuɗinta yadda yake ta cancanci irin wannan bincike.

Kamfanonin nan suna cewa suna yaƙi da cutar rashin abinci mai gina jiki, kuma akwai gaskiya a ciki: ana sa sinadarin da ke hana maƙoƙo a gishirin dunƙulen, an kuma ƙara masa sinadarin ƙarin jini, a ƙasar da binciken lafiya na 2018 ya nuna fiye da rabin matanta masu shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini. Sai dai dunƙule mafi yawansa gishiri ne, daddawar da ya ture kuwa abinci ce mai gina jiki da kanta, kuma kuɗin da a da ke shiga hannun maƙwabciya yanzu Legas yake nufa, daga can ya ƙetare teku.

A 2023 Unilever ya ba da sanarwar daina yin Omo da Sunlight da Lux a Najeriya, saboda ribar ba ta ƙara biya masa buƙata ba, kuma a ƙarshen shekarar kamfanin Procter & Gamble shi ma ya ce zai rufe masana'antarsa ya koma shigo da kaya. Ba na zarginsu da cin amana, domin ba su taɓa ɗaukar amanar kowa ba sai ta masu hannun jarinsu. Amanar tana wuyan waɗanda ke zaune a ofisoshin Gwadangaji. Ina roƙonsu, don Allah, su hana sare ɗorawa da kaɗanya don gawayi, su ba matan da har yanzu suka iya sabulu da daddawa jari da injin niƙa da wurin sayarwa, domin su ci gajiyar sana'arsu ba tare da an ɗora wa 'ya'yansu farantin talla a lokacin makaranta ba.