Sunayen Yunwa da Ajiyar Tarihi a Ƙasar Hausa da Maƙwabtanta

Tsohon da aka haifa a karkarar Maraɗi ko Daura a farkon ƙarni na 20 ba ya faɗin shekarar haihuwarsa da lamba. Abin da yake cewa shi ne an haife shi kafin Ƙaƙalaba, ko kuma yana goye aka yi ta. Ƙaƙalaba ita ce babbar yunwar da ta biyo bayan farin 1913, ta kuma tsananta a 1914. A wasu yankunan Malali ake ce mata, Zabarmawa kuwa suna kiranta Gande-beri. Wannan takarda za ta duba yadda irin wannan bala'i yake zama a bakin jama'a, da abin da yake zubewa a hanya kafin ya iso ga jikoki.

Hanya ta farko ita ce raɗa suna. Da yake kalmar yunwa tamata ce a nahawun Hausa, sau da yawa sunan yakan fara da 'yar, kamar dai wata mace ce ta sauka a gari. Akwai 'Yar Gusau ta 1942, lokacin da mutane suka riƙa niƙa gari zuwa Gusau neman hatsi. Akwai 'Yan Buhu ta 1927, wadda ta ɗauki sunanta daga buhunan abinci. Zabarmawa sun kira ta wajejen 1954 Gari-jire, wato shekarar garin rogo, domin garin da aka kawo daga kudu shi ya riƙe mutane. Suna guda yakan ɗauke wa mai sauraro doguwar magana: ya nuna masa lokaci, ya nuna masa inda aka gudu, ya nuna masa abin da aka ci.

Sai dai kowane suna zaɓi ne. Misali mafi bayyana shi ne yunwar 1984, wadda Hausawan Nijar suka raɗa wa 'Yar Buhari, takardun Faransanci kuma suke rubuta ta El Bouhari. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa a daidai lokacin canjin kuɗi, ba a kuma buɗe su ba sai a 1986. Daminar 1984 ta lalace, ga shi hanyar da aka saba bi a sayo hatsi ko a tafi cin rani ta toshe. Fari ne ya kashe amfanin gona, amma sunan bai ambaci fari ba. Ya ambaci mutumin da ya rufe ƙofa. A nan talakawa sun fahimci wani abu, wato ƙarancin ruwa daban, mutuwa da yunwa daban, kuma tsakanin biyun akwai hukuncin masu mulki. Masanin nan Michael Watts ya gina littafinsa Silent Violence na 1983 a kan kusan wannan hujja, haka kuma ɗan Nijar Boureima Alpha Gado ya bi sunayen yunwa ɗaya bayan ɗaya a littafinsa na 1993 a kan tarihin yunwa a Sahel.

Tatsuniya kuwa aikinta ya sha bamban. Tatsuniyoyin Gizo da yawa suna buɗewa ne da cewa wata shekara an yi yunwa. Daga nan sai Gizo ya gano wani wuri mai abinci, ya ɓoye wa Ƙoƙi da 'ya'yansa, ya riƙa ci shi kaɗai har asirinsa ya tonu. Babu shekara, babu sunan gari, babu sarkin da aka yi abin a zamaninsa. Mai neman kwanan wata ba zai samu komai a nan ba. Amma tatsuniya ta adana abin da suna ba ya iya ɗauka, wato yadda yunwa take raba miji da mata, take sa uba ya ɓoye loma ga ɗansa. An ɗora abin kunyar a kan Gizo don a iya faɗinsa da dare a gaban yara, a yi dariya, ba tare da an ambaci kakan kowa ba. Ana iya cewa tatsuniya tana tunawa da halin, tana mantawa da mai halin da gangan.

Wannan mantuwa ta kunya tana da faɗi. Tsofaffi sukan ba da labarin cin anza da ƙarangiya da tafasa, da tonon gidan tururuwa don kwashe ƙwayar hatsin da ta tara. Waɗannan ana faɗinsu ba nauyi, har da alfahari. Abin da ba a cika ji daga bakin mai gida ba shi ne jinginar da yaro ko sakin iyali a gudu. Duk da haka wani suna na Zabarmanci ya riƙe shi: yunwar farkon ƙarni na 20 ana ce mata Ize-nere, sayar da 'ya'ya.

Rubutaccen tarihi ma yana da nasa giɓin. Tarihin Sarakunan Kano ya ce an yi yunwa ta shekara 11 a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, amma ya ambace ta ne a cikin labarin yaƙi da sarauta, bai tsaya a kan waɗanda suka mutu ba. Turawan mulkin mallaka ba su fi shi ba. A littattafan makaranta 1914 shekarar haɗe Kudu da Arewacin Nijeriya ce, kuma shekarar ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ga manomin Kano, wanda jirgin ƙasa ya iso garinsa a 1911 ya jawo shi cikin noman gyaɗa, shekarar Ƙaƙalaba ce. Haka nan a yammacin Nijar a 1931: ɗango ya cinye gonaki, amma ba a daina karɓar haraji da aikin tilas ba, kuma a 1974 Finn Fuglestad ya yi bayanin wannan al'amari a wata maƙala.

Bayan samun 'yancin kai, faɗan ya koma kan kalmar kanta. Yunwar 1973 zuwa 1974 tana cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Tun daga nan shugabannin Nijar suka san nauyin wannan kalma. A watan Agustan 2005, ana cike da yara masu tamowa a cibiyoyin jinya na Maraɗi, Shugaba Mamadou Tandja ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a ƙasarsa. Jami'an gwamnati suka riƙa cewa ƙarancin abinci. Sojojin da suka sauke shi a watan Fabrairun 2010, ƙarƙashin Salou Djibo, ba su daɗe da hawa ba suka fito suka amsa cewa miliyoyin 'yan ƙasa suna fuskantar yunwa, suka nemi agajin ƙasashen waje.